Tsumman sauke tukunya: wane ƙyalle za ki saya, wanne za ki bari?

A gidanmu da ke Ƙofar Marusa a birnin Katsina, tun tasowata ba a taɓa rasa wani tsohon zane da aka yage aka rataye kusa da murhu ba. Da shi ake kama kunnen tukunya, da shi ake danne ta in ana tuƙin tuwo. Yanzu amare sun fi son ɗinkakke, mai kusurwa huɗu da maratayi, wanda zai dace da labulen kicin. Ban ga laifin hakan ba. Abin da ke damuna shi ne da yawanmu kyan ido muke saye, ba ma tambayar me aka cusa a ciki.

Bara na sayi guda biyu a wani shago, masu furanni, masu laushi kamar matashin kai. Ranar da na kama kaskon suyar ƙosai da ɗaya, kafin in kai shi ƙasa zafi ya ratso, yadin ya yamutse ya manne a kunnen kaskon. Yatsuna uku suka yi bororo. Da na farke shi da almakashi, sai ga siririn soso irin na katifa, yadin saman kuma roba ce zalla.

Daga nan na fara bambance ƙyalle. Ruwa na tafasa a digiri 100, man suya kuma yakan kai 180. Yadin roba, wato foliyesta, yana narkewa wajen digiri 250, kuma kunnen kaskon da harshen wutar itace ke lasa ba wuya ya kai nan. Auduga ba ta narkewa. In zafi ya yi mata yawa babbakewa take yi, ta ba ki ƙauri, ki ankara ki saki. Roba kuwa in ta narke a fata take kwanciya. Saboda haka kafin zancen launi ko tsada, tambayar farko ita ce: auduga ce ko roba?

Kada ki dogara da sunan yadi. Akwai atamfar auduga ta gaske, akwai kuma masu araha da suka cika kasuwa waɗanda roba ce aka buga wa zanen atamfa. Haka shadda take. In kin shiga layin 'yan yadi a Babbar Kasuwa, ko kin aika a sayo miki daga Kantin Kwari a Kano, ki nemi ɗan guntu kamar faɗin yatsa. Ki riƙe shi da cokali mai yatsu a kan faranti, ki ƙyasta masa ashana. Na auduga zai ci da wuta kamar takarda, ƙaurinsa ma irin na takarda, ya bar toka mai laushi da za ta murje a hannu. Na roba zai ja da baya daga wutar, ya dunƙule, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Wannan gwajin bai kai minti ɗaya ba, kuma shi ne ya raba ni da asara.

Amma fuskar tsumma ba ita ke tare zafi ba, cikin ne. A nan ya kamata ki tsaya ki zaɓa.

Tsohon tawul na auduga shi na fi yarda da shi. Gashin jikinsa yana riƙe iska, iskar nan ita ce ke hana zafi wucewa. Ninki biyu ya isa tukunyar miya a kan gas ko risho. Yana lanƙwasa a hannu, yana wankuwa, kuma in babu a gida za ki samu wajen 'yan gwanjo da sauƙi. Sai dai ki kula da tawul ɗin nan masu santsi da ke maƙale wa fata in kin shafa, waɗanda ake goge mota da su. Roba ce.

Tsohon wandon jins ya fi tawul juriya. Ga mai girki da itace ko gawayi, wadda kullum hannunta ke cikin baƙin tukunya, jins ne ya dace ya zama fuskar da ke taɓa ƙarfe, don ba ya saurin hujewa kuma baƙi ba ya nunawa a jikinsa sosai. Shi kaɗai ba ya tare zafi kamar tawul, kuma in kin tara ninki huɗu don ki rama, sai ya yi tauri ya ƙi kama kunnen tukunya. Ki ja shi da hannu tun a wajen saye. In ya miƙe ya koma, akwai roba a saƙarsa, ki ajiye.

Sai auduga tsagwaronta. Mu da ake nomanta a Funtua da Malumfashi da Bakori, ba abin da ya fi mana kusa, kuma tana tare zafi sosai. Matsalarta wanki. Tana curewa gefe guda ta bar tsakiya fayau, sannan tana daɗewa ba ta bushe ba. In ita kike so, sai an bi ta da ɗinki kusa da kusa. Bargon ulu na asali yana da kyau, amma yawancin bargunan kasuwa yanzu roba ne. Soso da buhun leda kuwa kada ma su shigo lissafi.

Akwai na kanti da ake yi da silikon, wata irin roba ce ta daban mai jure zafi. Yana jure zafi har wajen digiri 230, ruwa ba ya ratsa shi, gogewa kawai ake yi. Na ga amfaninsa wajen fito da farantin kek daga oben. Amma babbar tukunyar biki mai kaurin kunne, ko riƙe tukunya ana juya muciya, ƙyalle ya fi shi kamawa.

Ni dai abin da na tsaya a kai: jins a fuskar wuta, tawul ninki biyu a tsakiya, atamfar auduga a fuskar hannu. Ki yanka kowanne inci 9 tsawo da faɗi, in an ɗinke ya koma kamar inci 8. Yadi ɗaya na atamfa, inci 36 a 45, zai ba ki guda 20, ke nan ba ma sai kin taɓa turmi ba. Ki wanke sabon yadi tukuna, don sitati ya fita, yadin kuma ya gama tsukewa, in ba haka ba tsumman zai karkace a wankin farko.

Ragowar ƙyallen ma ba lallai ki saya ba. Da na je wajen telan unguwarmu na ce, "Malam, don Allah a tara mini guntayen atamfa masu kauri," sai ya ce, "Hajiya, ai zubarwa muke yi, ki turo yaro da yamma." Shi ne kuma ya gaya mini in sa allura lamba 16 ko 18 in zan haɗa da jins a keke, don siririya karyewa take yi. Ki bi jikin tsumman da layukan ɗinki, tazarar inci ɗaya ko biyu, don ciki kada ya zame, ki kalmashe baki, ki sa maratayi. Da zare da allura ma ana yi, lokaci ne kawai zai ɗan ja.

Ki ɗinka huɗu, ba biyu ba. Jiƙaƙƙen tsumma ya fi kowane ƙonawa, domin ruwan da ya sha yana zama tururi da zarar ya taɓa ƙarfe mai zafi, ya ratso kai tsaye zuwa tafin hannu. In biyu na kan igiyar shanya, biyu na rataye a ƙusa, nesa da harshen wuta.