Polar H10 don firojet ɗin auna tasirin giya a jiki

Masu tambayata wace na'ura za su nema don firojet ɗin saikoloji, musamman masu son ganin yadda giya ke motsa jiki, ni dai Polar H10 nake ce musu. Ɗamara ce da ake ɗaurawa a ƙirji, wani kamfanin ƙasar Finland ke yin ta, kuma lantarkin zuciya take ɗauka kai tsaye ba kamar agogon hannu ba da yake haska fata da koren haske, mutum na motsa hannu lissafi ya rikice. Tana ba ka tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ta tura waya ta Bluetooth, ka kwashe ka zuba a manhajar Kubios ta fitar maka da HRV, wato yadda tazarar nan ke sauyawa daga bugu zuwa bugu, kuma abin da ake nema kenan tunda giya tana ƙara saurin bugun zuciya tana rage HRV ɗin. Batirinta CR2025 ne, ƙwayar nan mai kamar kwabo, yana daɗewa sosai.

Amma fa zuciya take aunawa, in sufabaiza ya ce yana son gumin fata sai an nemi wata na'urar daban. A jiƙa wajen da ke taɓa fata kafin a ɗaura balle da hunturu, sannan a ƙarƙashin riga take zama, don haka in akwai mata a binciken dole a samu mace ta taimaka musu.

Inda na fi damuwa shi ne tsarin binciken, don wallahi nan ɗalibai ke zubar da wahalarsu. Mutum ya zauna shiru minti 5 a auna shi kafin ya sha komai, kuma ranar ba kofi ba goro ba sigari. A kula da lokaci, giya in tana hawa a jini motsa mutum take, in ta fara sauka sai kasala, awo ɗaya ba zai nuna maka duka biyun ba. Sai maganar zato, tun 1973 masanin saikoloji Marlatt da abokan aikinsa a Amurka suka raba mutane gida 4, wasu an ce musu giya ce kuma ita ce, wasu an ce giya ce alhali tonik ne zalla, wato lemo marar giya, sauran biyun an ce musu tonik ne, ɗaya da gaske ɗaya da giyar vodka a ciki, sai ga shi abin da mutum ya zata ya fi yin tasiri a kan yawan abin da ya sha. Ɗamarar ba ta san abin da ke ran mutum ba, kai za ka tsara wannan.

Kar a fara sai kwamitin ɗa'a ya amince, manya kawai waɗanda dama suna sha, ban da mai ciki, ban da wanda zai yi tuƙi bayan an gama. Ɗalibanmu na jihohin da ake shari'a kuwa babu zancen miƙa wa kowa giya, ku sa kofi mai sinadarin caffeine da marar shi a madadinta, gida 4 ɗin nan dai, ɗamarar za ta yi muku aikin.