GARGAƊI: Celeron ya sayar mini da sunan Core i5 a nan Gombe

Jama'ar Gombe, musamman masu shagon buga takardu da rajistar intanet, akwai wani yaro da ke tallar kwamfutocin tebur na hannu a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp. Macuci ne. Naira 170,000 ya ci mini. Kuɗin adashe na kwasa don in ƙara na'ura biyu a shagona da ke Tudun Wada kafin cunkoson rajistar jarabawa, 170,000 cif.

Kuma kada wani ya zo mini da "ai da ka duba". Na duba! A gabana ya kunna su a wata rumfa wajen Jekadafari, ya buɗe inda Windows ke nuna bayanin na'ura, ga sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɓaro-ɓaro, Core i5-3470. Ga sitika a jikin akwati. Har hannu ya ɗora a ƙirji: "Babban yaya, wallahi ba zan cuce ka ba." Wannan "babban yaya" ke hana ni barci. Ya faɗa yana kallon idona, ko ƙiftawa bai yi ba.

Da suka soma nauyi, ka buɗe manhajar zane ta CorelDraw ka tafi alwala ka dawo, sai na kai wa wani mai gyara a Pantami. Ya cire fanka, ya goge man da ke kan furosesa, ya miƙo mini. Celeron G1610, furosesa mai araha, mai ƙaramin ƙarfi. Duka biyun.

Af, tun kafin nan ma sai da yaron ya karɓi kafin alƙalami 70,000, wai wani daga Kumo na son kayan. Ragowar 100,000 a rumfar na tura masa. Na ce mu kashe mu sake kunnawa in shiga BIOS, wato shafin bayanin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, ya ce man janareto ya kusa ƙarewa, mai rumfar na jira. Wa zai kawo wani abu a ransa? Sunan na gani da idona.

Ga yadda suke yi. Celeron ɗin nan da i5 ɗin 'yan zamani ɗaya ne, gurbinsu ɗaya a jikin bod (babban allon cikin kwamfuta), LGA1155, don haka cire wannan a sa wancan aikin 'yan mintuna ne. Amma i5-3470 injinan aiki huɗu gare shi, gudun 3.2GHz, ma'ajiyar gaggawa 6MB. G1610 biyu ne kacal, 2.6GHz, 2MB. Sunan da Windows ke nunawa kuwa rubutu ne kawai a cikin rajistarta, wato inda take ajiye saitinta, ana iya gyara shi, a sa wata 'yar manhaja tana maimaita ƙaryar duk lokacin da aka kunna. BIOS ce ba ta yi masa rufa-rufa ba.

Ni ba Celeron nake zagi ba. Tun 1998 kamfanin Intel ya fito da shi don masu ƙaramin ƙarfi, lokacin da kamfanonin AMD da Cyrix ke kwashe kasuwar kwamfuta mai araha. Na farkon ma Pentium II ne aka cire wa ma'ajiyar gaggawa ta biyu gaba ɗaya, ya yi nauyi har aka yi ta kuka da shi, sannan suka kawo Celeron 300A mai ma'ajiyar 128KB. Da gangan aka rage masa ƙarfi, kuma da sunansa ake sayar da shi. Da yaron nan ya ce Celeron ne, da na taya shi kuɗin Celeron, ko in bar masa kayansa. Amma 170,000?

Yanzu ya toshe ni ko'ina, mai rumfar kuma ya ce shi ma aron wuri kawai ya ba shi. Hotunan hirarmu, rasidin tura kuɗi da hoton furosesan duk suna wayata, zan ɗora su da zarar na kai ƙara.

Ku shiga BIOS kafin ku biya, ko a buɗe akwatin a gabanku. In ya ce mai ya ƙare, ku sayo masa lita ɗaya.