Kafin Ka Sayi Na'urar Sikanin Fim, Duba Irin Negatif Ɗin Da Ke Hannunka

Wanda ya gaji ambulan cike da negatif, wato fim ɗin kyamara da ake wanke hoto daga jikinsa, ko ya karɓi ajiyar wani tsohon shagon hoto, yakan fara da tambayar wace na'ura ce ta fi ƙarfi. A ganina tambayar da ta kamata ya fara da ita ita ce: fim ɗin nan mai kala ne ko baƙi da fari? Amsar ce za ta nuna masa ko kuɗin da zai ƙara a kan wata fasaha zai amfane shi, ko kuwa asara ce.

Fasahar da nake nufi ita ce goge ƙura da karce da hasken infirared, wanda ido ba ya gani. Wani injiniya mai suna Albert Edgar ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin IBM, aka ba da takardar mallakar ƙirƙirar a Amurka a 1993. Daga baya kamfanin Applied Science Fiction da ke Austin a jihar Texas ya fito da ita kasuwa da sunan Digital ICE, Nikon ya sa ta a na'urarsa Coolscan LS-2000 a 1998, sannan Kodak ya sayi kamfanin a 2003. Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Rinin da ke cikin fim mai kala ba ya tare infirared, hasken wucewa yake yi kamar babu hoto a wurin. Ƙura da gashi da karce kuwa suna tare shi ko su karkatar da shi. Sai na'urar ta ɗauki hoto na biyu da wannan haske, wanda ba komai a cikinsa sai taswirar dattin, manhaja ta cike wuraren da launin da ke kewaye da su.

Duk wanda ya taɓa buɗe hoton negatif a kwamfuta lokacin hunturu ya san darajar wannan. Ka hure fim ɗin, ka share gilashi, kafin ka rufe murfi wata ƙurar ta sauka, kuma ɗigon da ba ka gani da ido sai ya fito fari tas a goshin amarya. Goge irin wannan da hannu, hoto bayan hoto, shi ne ke sa mutane watsar da aikin a tsakiya.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Fim baƙi da fari na asali da ƙwayoyin azurfa aka gina hotonsa, azurfa kuma tana tare infirared kamar yadda ƙura ke yi. Na'urar sai ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti, ta dagula fuskoki. Dole a kashe fasahar. Kodachrome ma, wani fim mai kala da Kodak ya daina yi a 2009, yana ba ta wahala. Saboda haka in ajiyarka ta tsofaffin hotunan situdiyo ce baƙi da fari, kada ka biya ko kwabo domin infirared. In kuwa negatif ne mai ruwan lemo irin na Kodak da Fuji da ake kai wa masu wankin hoto a shekarun 1980 da 1990, to wannan fasaha ita ce abin da za ka fara nema a jikin na'ura.

Sunan yana canzawa daga kamfani zuwa kamfani. Canon na kiran nasa FARE, manhajar SilverFast ta Jamus na kiran nata iSRD, manhajar VueScan ma tana da nata. Asalin dabarar ɗaya ne, kuma babu manhajar da za ta yi aikin in na'urar ba ta da fitilar infirared a cikinta.

Na'urar da aka fi fara tunani ita ce mai shimfiɗaɗɗen gilashi, kamar Epson Perfection V600. Tana da Digital ICE, tana ɗaukar fim 35mm guda 12 a zubi ɗaya, tana karɓar babban fim mai lamba 120 da wasu situdiyo suka yi aiki da shi, kuma za ka iya sikanin hotunan kati da takardu da ita. Rauninta kaifi. An rubuta 6400 dpi a kwali, wato yawan ɗigon hoto a kowane inci, amma abin da take iya fitarwa daga ɗan ƙaramin fim 35mm bai kai rabin haka ba. Ya wadatar a tura wa dangi a waya ko a wanke madaidaicin hoto, bai isa babban firam na bango ba. Yayarta V850 ta fi ta, har fim mai inci 8 da 10 tana ɗauka, sai dai kuɗinta ya ninka sau da yawa.

In duk ajiyarka 35mm ce, ni Plustek OpticFilm zan nuna maka, kuma a nan sai ka lura da harafi ɗaya. Samfurin 8200i tana da infirared, 8100 ba ta da shi, ga su kuma kamar tagwaye a hoto. Kaifinta ya fi na V600 nesa ba kusa ba. Farashin da za ka biya haƙuri ne: da hannu ake tura mariƙin fim ɗin, hoto ɗaya bayan ɗaya, ba za ka danna ka tafi sallah ka dawo ka tarar ta gama ba. Mai negatif ɗari biyu zai ji daɗinta. Mai dubu biyar ya sake tunani.

Nikon Coolscan har yanzu ita ce abin kwatance. 4000 dpi ɗin samfuranta na ƙarshe na gaskiya ne, kusan megafiksel 21 daga fim 35mm. Amma an daɗe da daina ƙera ta, sai dai ta hannu, kayan gyara sun yi wuya, manhajarta ta asali ba a sabunta ta, yawanci sai an haɗa da VueScan. Wasu samfuran kamar 4000 ED da 9000 ED da wayar FireWire suke aiki, wadda kwamfutocin yanzu ba su da ramin ta. 5000 ED da V ED ne masu USB. Ban ba kowa shawarar ya yi odar ta daga waje ba tare da ya ga hoton da ta fitar kwanan nan ba, domin ƙura kan kwanta a madubin cikinta ta sa hoto ya yi hazo.

Mai kyamarar zamani da lens na ɗaukar abu kusa-kusa yana da wata hanya: ya ɗora negatif a kan farin haske ya ɗauka, sannan ya juya launin da manhaja irin Negative Lab Pro. Ta fi kowace sauri, kuma ga baƙi da fari ita na fi so, tunda dama infirared ba zai yi aiki ba. Ga mai kala kuwa duk ƙura tana nan, kai za ka goge.

Ƙananan akwatunan nan masu allo da ake tallatawa da araha, ƙaramar kyamara ce kawai a ciki, ba infirared, launi kuma yakan ƙone. A bar su.

Kafin ka biya kuɗi, duba abin da aka rubuta a jikin adaftar wuta, domin kayan Amurka wasu volt 110 kawai suke ɗauka, wutarmu kuwa ta haura 220. Ka tabbatar mariƙan fim suna cikin kwali, don nemansu daban wahala ce. Kuma in negatif ɗinka bai wuce 'yan ambulan ba, tambayi shagunan wankin hoto ko akwai mai babbar na'urar sikanin fim irin Noritsu ko Fuji Frontier da ke aiki. Ka kai zubi ɗaya a gwada, ka roƙi a ba ka fayil mafi girma, kuma ka karɓi negatif ɗinka a hannu kafin ka bar shagon.