Wulaƙancin da na sha a layin duba gida a Landan, da lissafin komawa arewacin Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu kun ji ni shiru, har wasu sun fara cewa wai Landan ta ɗauke min hankali na manta da mutane. Wallahi ba haka ba ne, neman gida ne ya sha min kai, kuma gara ku ji labarin daga bakina.

Mai gidan da muke haya ne ya aiko mana takarda wai mu tashi nan da wata biyu. Ba ya bin mu ko sisi, ba mu fasa masa ko gilashin taga ba, amma a lokacin doka ta ba shi dama, sashe na 21 suke ce masa, ba sai ya faɗi dalili ba. Ni na san dalilin. Tunda babban bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 har ya kai 5.25 a watan Agustan 2023, duk mai gidan da ya saya da bashin banki a kan ɗan haya yake hucewa. Ɗaki ɗaya ne da falo fa, ni da uwargida da yara biyu, babban a falo yake kwana kan kujerar da ake warewa ta zama gado. Sai na ce to shikenan, wata ƙila alheri ne, bari mu nemi mai ɗaki biyu.

Ranar wata Asabar na sauka daga aikin dare, ko gida ban biya ba na wuce duba wani filat a gabashin Landan, can nesa da tsakiyar gari, a saman wani shago, fam 1,650 a wata. Ni a zatona ni kaɗai aka ba lokaci. Ina shan kwana sai na hango layi, mutum sun kusa ashirin a tsaye cikin yayyafi, kowa da fayil a hammata kamar masu neman aiki, wata mata da tsohon ciki, wasu samari biyu da kwat. Uku uku ake shigar da mu, minti biyar a ce ku fito. Da na shiga warin danshi ne ya fara tarbe ni. An shafa sabon fenti a kusurwar ɗakin kwana amma baƙin funfuna ya riga ya fara ɓullowa ta ƙarƙashinsa, na sa yatsa na taɓa bangon na ji shi a jiƙe. Kicin ɗin kuwa in ka buɗe firij ba halin ka buɗe oben. Duk da haka ina so, don na riga na ga gidaje shida kafin shi.

Dillalin yaro ne, bai wuce sa'ar ƙanena na uku ba. Bai ɗago ya dube ni ba ya ce nawa ne albashinka a shekara. Na faɗa masa. Sai ya buɗe kalkuleta a wayarsa ya buga kuɗin hayar sau 30, ya juyo min da fuskar wayar a gaban mutane, 49,500. Ka'idarsu ke nan, sai albashinka na shekara ya kai hayar wata sau talatin. Nawa bai kai ba, ko kusa. Ya ce kana da wanda zai tsaya maka, mai gidan kansa a ƙasar nan? Na ce babu. Ya ce za ka iya biyan wata shida a dunƙule? Na yi shiru. Ya ce yara fa? Na ce biyu. Sai ya ɗan taɓe baki ya ce ai ma akwai waɗanda suka riga suka ƙara a kan kuɗin da aka sa, ya kalli bayana ya ce na gaba.

'Yan uwa, a daren nan da ya wuce ni ne na kwana tsaye a kan marasa lafiya, tsofaffin da suka haifi irin yaron nan, ina juya su ina ba su magani, gari ya waye an nuna min a waya cewa ban isa in kwana a ɗaki mai funfuna ba. Na fito na zauna a tashar bas, bas biyu suka wuce ban shiga ba. Uwargida ta kira ta ce "Baban yara, ya ake ciki, an dace?" na ce mata ina zuwa. Ban taɓa kewar gida irin ta ranar ba, inda ko ba ka da komai akwai wanda ya san ɗan wane ne kai. Kuma mu masu bizar aiki a rubuce yake ba mu da haƙƙin tallafin gwamnati, ba gidan kansil, wato gidajen ƙaramar hukuma, ba taimakon kuɗin haya, haraji dai ana cirewa kafin albashin ya iso hannunka. Ƙarshenta mai gidanmu na koma na roƙa, ya yarda mu zauna shekara guda da ƙarin fam 200. Yanzu fiye da rabin abin da nake kawowa gida shi nake miƙa wa.

Zan faɗi gaskiya dai, akwai abin yabawa a tsarinsu. Tun dokar 2019 dillali ba ya karɓar ko fam ɗaya a hannun ɗan haya da sunan la'ada, kuɗin ajiya ba ya wuce hayar sati biyar, kuma ba a aljihun mai gida yake zama ba, dole ya sa shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, in kun tashi bai kawo hujjar ɓarna ba a maido muku abinku. Ku da kuka san halin dillalanmu ba sai na ce komai ba. An kuma sa hannu a wata sabuwar doka a watan Oktoban 2025 don a soke sashe na 21 ɗin nan a hana gwanjon haya, sai dai mu kafin ta fara aiki abin ya rutsa da mu, kuma ita doka ba ta gina ko ɗaki ɗaya, layin nan yana nan.

Wani yayanmu da ya girme ni a zaman ƙasar nan, shi ya ce in zo Bradford, wani gari a arewacin Ingila, in gani da idona. Awa uku ne kusan a jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan. Da ya buɗe min ƙofa sai da na tsaya. Gida sukutum, irin jerin gidajen dutsen nan da aka gina tun zamanin masaƙun ulu, ɗaki uku, falo, ɗakin ƙasa na ajiya, da ɗan tsakar gida a baya inda matarsa ta ɗaura igiyar shanya, yara suna hawa bene suna sauka da gudu ba mai buga musu silin daga ƙasa. Abin da yake biya bai fi rabin nawa da komai ba. Ya ce "ƙanena, kai fa ba gida kake haya ba, sunan gari kake haya." Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ma haka suka nuna, a 2025 matsakaicin haya a Landan ya haura fam 2,200 a wata, a arewa maso gabashin Ingila kuwa, wajen su Newcastle da Sunderland, bai kai 800 ba. Har butar shayinsa na leƙa, tas take, tamu kuwa duk sati biyu sai uwargida ta kankare farin dutsen da ruwan Landan ke bari. Ga masallatai kusa kusa, don a ƙidayar 2021 kusan kashi 30 na mutanen Bradford Musulmi ne.

Amma da na dawo na zauna da biro da takarda sai na ga ba banza ba ce. Mu ma'aikatan asibitin gwamnati akwai alawus na tsadar Landan, kashi 20 a tsakiyar gari, 15 a gefe inda nake, da iyakar da ba ya wucewa, ranar da na bar gari ya tafi. Harajin kansil ba ya sauka don ka koma arewa, abin mamaki ma unguwannin masu kuɗi na Landan irin Westminster da Wandsworth suna cikin mafi ƙarancin haraji a Ingila, kuma har yau da darajar gidaje ta 1991 ake lissafinsa. Gidajen dutsen nan suna shan gas kamar me, yayan nawa ya ce daga Nuwamba zuwa Maris hita ce ke cinye rarar, in ka yi rowar hita kuma danshi ya kama bango, kuma ba wanda ya manta da yaron nan Awaab Ishak ɗan shekara biyu da funfuna ta yi ajalinsa a Rochdale a 2020. A Landan ban taɓa buƙatar mota ba, fam 1.75 nake biya in sauya bas yadda na so cikin awa guda, yara kyauta, can kuwa mai aikin dare in ba mota ya shiga uku. Sannan bizata a ɗaure take da wurin aikina, sai sabon wuri ya ba ni takardar ɗaukar nauyi na sake cike biza. Duk da haka bayan na cire wannan na cire wancan, abin da ya rage ya fi abin da nake gani a Landan nesa ba kusa ba.

Wanda ba ya shiga lissafi shi ne mutane. Lokacin da uwargida ta haihu matan nan na unguwarmu su suka yi ta zirga-zirga sati biyu, su ne iyayenta su ne yayyenta. Da na kawo mata maganar tashi kuka ta yi, ta ce sau biyu ke nan za a raba ta da dangi. Ban da amsar da zan ba ta, har yanzu ma ba ni da ita.

To ku kuma na gida, da ku nake yanzu. Na faɗa wa wani ɗan uwa shawarar da nake, buɗar bakinsa sai ya ce haba, ka bar Landan ka koma ƙauye, me mutane za su ce? Garin da ke da mutum sama da rabin miliyan shi ne ƙauye, minti ashirin a jirgin ƙasa zuwa birnin Leeds. Ku kuna jin albashi sai ku buga lissafin canji ku ce wane ya haye, ba wanda ke tambayar nawa ke saura ranar biyar ga wata, in an ce babu ku ce rowa. Mu ma na nan da laifinmu, mutum zai je bakin gadar Tower Bridge ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, ba zai nuna ɗakin da suke kwana su huɗu ba, sai ƙannenmu su sayar da abin hannunsu su taho suna zaton haka abin yake. Shekara huɗu ina jin kunyar abin da za ku ce, yarona yana kwana a falo.

Na nemi aiki a wani asibiti a can, sun yi min intabiyu ta bidiyo sun ɗauke ni, ana kan takardun biza. In Allah ya yarda da an rufe makaranta a watan Yuli za mu tashi. Uwargida ta yarda amma da sharaɗin duk wata biyu za ta zo Landan ta kwana wajen ƙawayenta, na ce na ji. Jiya na kira Inna na faɗa mata, gabana yana faɗuwa don ban san yadda za ta ɗauka ba. Ba ta ma tambayi sunan garin ba, cewa ta yi ɗaki nawa ne. Na ce uku muke nema, Inna. Ta ce to ashe yanzu in na zo ganin jikokina akwai inda zan shimfiɗa sallayata.