Filashi ko rabawa ta gida: wanne ya fi wajen ɗaga kwamfutoci 12 zuwa Windows 11 da intanet mai rauni?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: yana kula da kwamfutoci 12 masu Windows 10, layinsu na intanet megabit 5 ne a daƙiƙa kuma datarsa ƙidayayya ce. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, yana son komawa Windows 11. Shin ya sauke sau ɗaya ya zagaya da filashi, ko ya kunna Delivery Optimization kwamfutocin su riƙa raba wa juna?

Malam, mu fara da lissafi. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, mu ƙaddara shi 6. Bait ɗaya bit 8 ne, saboda haka a layin megabit 5 saukarsa za ta ci kamar awa 2 da minti 40, in ba wanda ya taɓa layin. Ka bar kowace kwamfuta ta sauke nata, ya zama gigabait 72 da awa 32. Duk dabarar da za a yi, manufarta a mai da 72 ɗin nan ta koma kusa da 6.

Hanyar filashi ita ce ke ba ka wannan tabbacin. Ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil guda mai ɗauke da duk kayan shigar da Windows, daga shafin Microsoft, ko ka yi amfani da Media Creation Tool ya haɗa maka filashin da kansa. Yana buƙatar filashi mai akalla gigabait 8, kuma zai goge duk abin da ke ciki. Ga mai layi mai yankewa mun fi son ISO, domin ana iya saukar da shi da manhajar da ke ci gaba daga inda aka tsaya. Sai dai adireshin saukarwar awa 24 kawai yake aiki, kada ka ja abin ya kwana biyu. Idan ya sauka, buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin, ka gwada lambar SHA-256 da ta fito, wato lambar da ke nuna ko fayil ya sauka daidai, da wadda ke shafin Microsoft. Da yawa suna tsallake wannan, sai shigarwa ta yi nisa ta tsaya, a yi ta zargin kwamfuta alhali fayil ne ya sauka da rauni.

Akwai tarko uku a nan, kuma su ne suka fi kama mutane.

Na farko, filashin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, shi kuwa ISO da install.wim da ke cikinsa duk sun wuce haka. Ka tsara shi da NTFS ko exFAT in ISO ɗin kawai za ka kwafa, ko ka bar Rufus, manhajar da ke haɗa filashin shigar da Windows daga ISO, ya yi aikin.

Na biyu ya fi ciwo. Idan ka tayar da kwamfuta daga filashin, sabuwar shigarwa ce za ka yi, manhajojin da ke kai sun tafi. In kana son komai ya zauna yadda yake, ka shiga Windows 10 kamar kullum, ka danna ISO ɗin sau biyu ya buɗe, ka kunna setup.exe daga ciki, sannan ka zaɓi Keep personal files and apps. Idan ka ga zaɓin nan a dushe ba ya dannuwa, galibi harshen ISO ɗin ne ya saɓa da na kwamfutar: Ingilishin Amurka da wanda suke kira English International ba ɗaya ba ne a wurinsa. Ka duba harshen kwamfutocinka tun kafin ka kashe awa uku kana saukewa.

Na uku, setup.exe na da halin leƙa intanet ya jawo sabuntawa kafin ya fara. A shafin farko ka danna Change how Setup downloads updates, ka zaɓi Not right now, ko kawai ka zare kebul. In ba haka ba kowace kwamfuta za ta ci nata rabon daga datar da kake tattali.

Ba dole ma sai filashi ba. Ka ajiye ISO ɗin a folda da aka raba a kwamfuta ɗaya, sauran su kwafa ta kebul: a layin gida mai megabit 100 minti 8 ne, a mai gigabit kuwa minti ɗaya zuwa biyu. Da haka huɗu ko biyar za su iya aiki lokaci guda maimakon jiran filashi ɗaya.

Delivery Optimization kuwa a takarda ya fi daɗi. Ka shiga saitin Windows Update, Advanced options, Delivery Optimization, ka kunna karɓa daga wasu kwamfutoci, ka zaɓi na cikin layin gida kaɗai. Kada ka zaɓi wanda ya haɗa da intanet, don kwamfutarka za ta riƙa tura wa baƙi da datarka. Daga nan wadda ta riga sauke wani yanki sai ta miƙa wa 'yan uwanta ta ƙofar sadarwa mai lamba TCP 7680.

Matsalarsa, sharuɗɗansa sun yi yawa kuma in ya gaza ba ya faɗa, shiru zai koma intanet ya sauke. Dole kowace kwamfuta ta iya magana da sabar Microsoft, domin ita ke haɗa su. Dole su kasance bayan rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba musu intanet. In rautar ta kunna killace na'urorin Wi-Fi daga juna, ko katangar tsaro ta toshe 7680, babu rabawa. In ka sa layin a matsayin Metered connection don tsimin data, ka kashe rabawar da hannunka. Laftop da ke kan batir ba ta turawa sai an jona ta da wuta. Abin da aka sauke kuma kwana 3 yake zama a ma'aji bisa saitin asali. Sannan in duka 12 suka tashi tare, babu wadda ta riga wata samu, kowa na jan layi. Shi ya sa ake sakin ɗaya ta gama, a bar ta a kunne, sannan a saki sauran kashi-kashi, ana duba Activity monitor don ganin nawa ya zo daga gida, nawa daga Microsoft.

To idan aka jera su: filashi na cin lokacinka da ƙafarka, kowace kwamfuta sai ka zauna gabanta, amma ka san adadin datar da za ta tafi tun kafin ka fara. Rabawa ta gida ba ta son hannunka sosai, amma ba wanda zai rantse maka nawa za ta rage. Ga wannan babban ƙaura na sau ɗaya, a layin megabit 5, ISO za ka bi. Bayan ka gama sai ka kunna Delivery Optimization saboda sabuntawar da ke fitowa Talata ta biyu a kowane wata, nan ne yake biyan kuɗinsa, don ba mai iya zagaye da filashi duk wata. WSUS, wato sabar cikin gida da ke raba sabuntawar Windows, kada ka wahalar da kanka da shi: yana buƙatar Windows Server, kuma Microsoft ta sanar a 2024 cewa ta daina bunƙasa shi.

Kafin ka sauke komai, ka gwada PC Health Check, manhajar Microsoft da ke duba ko kwamfuta za ta ɗauki Windows 11, a kan kowace. Windows 11 na neman TPM 2.0 (guntun tsaro da ke cikin kwamfuta), UEFI mai Secure Boot, RAM gigabait 4, ma'aji gigabait 64, da furosesa da ke cikin jerin da aka amince, wanda a Intel galibi daga ƙarni na 8 ne. Sau da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe yake a BIOS da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD. Ka kwashe muhimman fayiloli gefe, ka fara da kwamfuta ɗaya, ka gwada firinta da manhajojin aiki a kanta na kwana biyu kafin ka taɓa sauran. Kwana 10 gare ka na komawa Windows 10 in abu ya ƙi, muddin ba ka goge foldar Windows.old ba.