Batirin intanet mai araha ko na shago, wanne za ka saka?

Ɗan uwa da ka yi tambaya jiya da daddare, ka ce Infinix ɗinka ta fara zuƙe caji, ka ga batir a intanet a rabin kuɗin da aka faɗa maka a shago, har an rubuta 6800mAh a jikinsa, wato yawan cajin da yake ɗauka, alhali wanda ya zo da wayar 5000 ne, wai wanne ya fi. Wallahi ni wannan lambar ce ma ta fara ba ni tsoro.

Ramin batir a cikin waya ba ya ƙara faɗi, kuma cajin da batirin lithium yake ɗauka yana tafiya ne da girmansa da nauyinsa, to in kamfani da duk injiniyoyinsa 5000 suka iya cusawa a wurin, ta yaya wani zai cusa 6800 a rami guda kuma ya sayar maka a rabin kuɗi? Sitika ce kawai aka buga. Duk wanda ya riga ya saya ya sauke manhajar AccuBattery mai auna batir ya yi caji sau da dama, zai ga ƙiyasin abin da ke ciki da idonsa. Na kamfani kuwa abin da aka rubuta kusan shi za ka samu.

Sai ɗan ƙaramin bod ɗin da ke kan batirin, shi ke yanke wuta in caji ya wuce kima ko an samu shot. A nan masu araha suke rage kuɗi, kuma kai ba ka gani a hoto. Haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Kano da yake haura digiri 40, ga wayar a jone kana kallon TikTok, sai batir ya tara iska ya kumbura. Ni ya taɓa faruwa da ni, wanda na yi oda bai yi wata uku ba ya ɗago min sikirin, kuɗin sikirin ya ninka na batirin, mai sayarwa kuma ko amsa saƙo bai ƙara yi ba. Ga shi ba ka san shekara nawa ya yi a sito ba, shi batir ko ba a amfani da shi tsufa yake.

Kar a ce na wanke shago tas, a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ma akwai gired-gired, har da wanda aka ciro daga matacciyar waya. Amma can kana riƙe shi a hannu, ka duba kwanan watan da aka yi shi, in ya ba da matsala ka san teburin da za ka koma. Masu iPhone kuma daga XR da XS zuwa sama, in ba na Apple aka saka ba wayar da kanta take tona asiri a cikin setin.

Tunda Infinix ce, ka fara leƙa Carlcare, su ne masu gyaran Tecno da Infinix da itel a hukumance, ka ji farashi ka karɓi rasit. In aljihu bai kai ba ka je wajen mai gyaran da ka sani, ka ce ya ba ka mai lamba ɗaya da tsohon, 5000 ɗin nan dai. In kuma bayan wayar ya riga ya fara tasowa, cire ta daga caji yanzu, kar ka danna shi kar ka huda.