Shuka a bahon roba: abin da ya yi kyau da abin da rana ta cinye

Yawancin gidajen hayar da ake ginawa yanzu a Katsina, daga bayan Ƙofar Ƙaura har sababbin unguwannin da suka bi hanyar Dutsin-ma da ta Batsari, tsakar gidansu a shafe take da siminti tas. Ko tafin hannu na ƙasa ba a bar wa mutum ba, kuma mai gida ba zai yarda a fasa masa daɓe don a shuka alayyahu ba. Irin gidan da muke ciki ke nan. Shi ya sa na koma ga bahon roba, irin wanda ake wanki a ciki, na mayar da shi fangali. Damina da sanyi da bazara duk sun wuce ta kansa ina kallo, don haka yanzu ina da bakin magana.

Ga ganyen miya, baho ya biya kuɗinsa har da riba. Ga tumatir kuwa, sai da sanyi, shi ma da lallami. Kuma kuɗin bahon shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a kashe, ruwa ne mai cin aljihu.

A Babbar Kasuwa na saya, layin 'yan roba. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai launi, ja ko shuɗi ko kore, mai sheƙi, marar nauyi, wanda in ka ɗaga shi wajen rana har haske kake gani ta jikinsa. Akwai kuma baƙi, mai kauri, marar kyan gani, wanda in ka danna bakinsa yakan lanƙwasa ya dawo. A lokacin babban baƙin ya tasar wa kuɗin tiyar shinkafa, mai launin kuma bai kai haka ba. Mai shagon ya tambaye ni, "Hajiya, wanki ne ko jiƙon gero?" Da na ce shuka zan yi, sai da ya dara, sannan ya ce in dai a rana zai zauna to in ɗauki baƙi. Na haɗa duka biyun da gangan, don in gani da idona.

Duk wanda zai saya ya kifa bahon ya duba gindinsa. Wasu suna da 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 2 da lamba 5 su ne irin robar da ake yin mazubin abinci da ita. Da yawa daga na kasuwa ba su da alamar ko kaɗan, musamman baƙaƙen, waɗanda galibi daga tsohuwar robar da aka narke ake yin su. Ni dai ina shinshinawa, wanda na ji yana tashin warin mai ko na ƙonanniyar taya sai in ajiye. Jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai a ciki kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka yanka ta ka shuka abin da za ka ci.

Huda shi ne aikin farko, kuma a nan ake fasa baho tun bai ga ƙasa ba. In aka sa ƙusa aka buga da guduma, mai launin nan take yake tsagewa. Ƙusa babba ake sawa a garwashi ta yi ja, a riƙe da filaya a dinga soka wa, a waje inda iska take, don hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne. Na yi ramuka a gindi, na kuma yi wasu a gefe, kamar yatsa biyu daga ƙasa. Na gefen sun fi amfani, domin baho in ya zauna daram a kan siminti da nauyin ƙasa a cikinsa, ramukan gindi toshewa suke yi. Shi ya sa na ɗora kowanne a kan bulo biyu. Ruwa yana samun hanyar fita, zafin daɓe ba ya dukan gindin kai tsaye, kuma in gara ko tururuwa sun fara gini a ƙarƙashi ana gani da wuri.

A zaɓi wurin zama kafin a zuba ƙasa. Baho mai cin lita 60 in ya cika da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fi buhun siminti mai kilo 50 nauyi, kuma hannayensa ba don wannan aka yi su ba. Maganar da ake yi cewa ai lambun baho sai ka ɗauka ka bi inuwa da shi, ga ƙananan ne kawai.

Ƙasarmu ta nan jigawa ce, yashi ya yi mata yawa, ruwa yana ratsa ta ya wuce kafin saiwa ta sha. Laka ta fadama kuma in aka zuba ta zalla a baho, da ta bushe sai ta dunƙule ta janye daga jikin robar, ruwan da aka zuba ya bi ta gefe ya fice, tsakiya na nan a bushe ƙamas. Abin da ya yi mini shi ne kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na takin awaki wanda ya kwana biyu ya ruɓe har ya daina wari, da kashi ɗaya na buntun shinkafa daga wajen masu inji. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, sai an bar shi ya huce. Takin awakin kuma yana zuwa da irin ciyawa iri-iri, a shirya wa cira.

Alayyahu ne sarkin baho. Cikin sati huɗu da yafa iri an fara tsinka, kuma in aka yanke shi daga sama aka bar gindin, sai ya yi rassa ya sake tohowa. Lalo da rama da yakuwa duk sun yi. Albasa mai lawashi ta yi, daga guntun gindin da ake zubarwa a kicin ma na dasa. Na'a-na'a kuwa ban ga inda ta fi dacewa da ita ba, domin a fili yaɗo take yi ta mamaye ko'ina, a baho kuma dole ta tsaya iya bakinsa. Salak ya yi kyau ƙwarai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ganye shar, yara suna tsinka a yanka musu da ƙuli. Da zafi ya fara shigowa sai ya miƙe ya yi kara, ya fitar da fure, ganyen ya koma ɗaci. Duk waɗannan zurfin santimita 20 ya ishe su. Karas ya fito gajere mai ƙafa biyu inda ya tarar da gindin roba. Kuɓewa ta yi, amma gindi biyu a baho ɗaya, kuma abin da take bayarwa a rana ba ya kaɗa miyar gida, sai an tara.

Sai tumatir, wanda saboda shi mutane da yawa suke fara wannan abu, musamman tun 2024 da tsadarsa ta sa wasu gidaje suka koma miyar karas da ta kabewa. Dashen na samo shi ne wajen wani dattijo a Lambun Sarki. Da na ce masa, "Baba, a roba zan sa," bai hana ni ba, cewa kawai ya yi, "'Yata, gindi ɗaya a kowace roba, kuma in Maris ta kama ki ba shi haƙuri." Yana son zurfin da ya kai santimita 30 ko fiye, da sandar da zai jingina. Da sanyi ya yi 'ya'ya har reshe na rinjaya. To amma a lura da wani abu: lokacin da tumatirin baho yake nuna, lokacin ne na Ɗanja da Ajiwa da Jibiya yake cika kasuwa, kwando ya faɗi warwas. Lokacin da yake tsada kuwa, daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, na bahon ma ya riga ya sallama. In zafin rana ya haura digiri 35, furen tumatir karkaɗewa yake yi ba tare da ya ƙulla ɗa ba, mu kuma a Afrilu da Mayu 40 ba baƙo ba ne a wurinmu. 'Yan waɗanda suka ƙulla sai gindinsu ya yi baƙi ya lotsa, abin da ke faruwa in ƙasa tana bushewa tana jiƙewa ba tsari. Ga kuma tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda ta yi wa gonakin Arewa kaca-kaca a 2016. Katangar gida ba ta tare ta. Za ka ga farin zane a cikin ganye inda ta bi, in ba a tsinke ganyen an ƙona da wuri ba ta shiga 'ya'yan. Wanda ya sayi baho da niyyar ya huta da cefanen tumatir a watannin tsada, lissafinsa ba zai fita ba. Attaruhu ya fi shi haƙuri, ya zubar da fure a bazara amma bai mutu ba, damina na sauka ya farfaɗo.

Zafin nan shi ne asalin matsalar roba. Shukar da ke cikin ƙasa saiwarta tana da wurin gudu, ta nutsa inda yake da sanyi. Ta cikin baho kuwa rana tana dukan ta ta sama, tana dukan ta ta gefe, daɓe kuma yana turo nasa ta ƙasa. Wata azahar a Afrilu na tura yatsa tsakanin ƙasa da jikin baƙin bahon, ɓangaren da ke kallon yamma, sai da na janye da sauri. Da na tone wurin daga baya, saiwoyin da suka taɓa robar sun koma ruwan ƙasa sun yi laushi, na tsakiya kuma farare ne ƙal. Alayyahun da ke wannan gefen shi ne yake fara langaɓewa, ko da ƙasar da danshinta.

Ga inda abin yake da sarƙaƙiya. Baƙin launin da yake jawo zafin, shi ne kuma yake kare robar daga cin rana. Masu launin ba su kai shi ɗaukar zafi ba, amma su rana take gamawa da su. Jan ne ya fara kodewa ya koma fari-fari, in ka shafa sai wani gari ya biyo hannunka. Daga nan bakin ya fara ɓarewa, ka kama ka ji ƙaras kamar ƙosasshen ƙuli. Kafin shekara ta zagayo masu launin duk sun tsage daga baki zuwa ƙasa. Na kai ɗaya wajen mai liƙin roba, ya juya shi ya ce wannan ta mutu, ba abin da wuta za ta kama. Baƙaƙen suna nan, ko tsaga babu. Araha ba ta ado.

Maganin zafin baƙin bai da wuya. Na naɗe jikinsu da tsohon buhun algarara na ɗaure da igiya, in na zo ban ruwa sai in yayyafa wa buhun shi ma. Guntun zana ko tsohuwar tabarma da aka jingina ta ɓangaren yamma suna yin wannan aikin. Saman ƙasar kuma na rufe da busasshiyar ciyawa. Na jera su kusa da juna a gindin katangar da ke samun ranar safe ta shiga inuwa bayan azahar, kowanne yana kare ɗan'uwansa.

Ruwa kuwa, wanda yake saye a wajen 'yan ga-ruwa ya yi lissafi tukuna. Da sanyi, jarka ɗaya mai lita 25 takan ishi manyan bahona shida kwana biyu. A Afrilu kullum sai ta ƙare, safe da yamma, kuma rana ɗaya in aka yi tafiya ba a bar wa kowa amana ba, an dawo an tarar da gawa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye duk ina tarawa a bokiti, sun rage mini sosai. Ruwan omo ban zuba ba. Ruwan burtsatse yakan bar wani farin gishiri a saman ƙasa da bakin ramuka, sai lokaci-lokaci a kwarara ruwa da yawa ya wanke ya fita ta ƙasa. Da damina labarin ya juye. Ruwan Katsina ba yawa gare shi ba a jimlar shekara, amma a Yuli da Agusta yake zuba mafi yawansa, kuma bahon da ramukansa suka toshe cikin dare ɗaya yake zama tafki, saiwa ta ruɓe, sauro ya samu gida. Bayan kowane babban ruwa ina bi da tsinke ina buɗe ramukan.

Abincin ƙasar ma yana bin ruwan ya fice. Bayan yanka biyu ko uku ganyen alayyahu ya fara ƙanƙancewa yana yin ɗorawa, ƙasar kuma ta zauna ta ragu da kusan yatsa uku. Sai a ƙara ruɓaɓɓen taki a sama. Mai son takin zamani ya sa NPK ɗan kaɗan, abin da bai fi cokalin shayi ba, nesa da gindi, ya bi da ruwa. Yuriya a ƙuntataccen wuri irin wannan saurin ƙona shuka take yi.

Tsayin bahon ya taimaka wajen sunkuyo da shara, amma bai hana kajin maƙwabta ba, kuma ƙadangaru sun fi kowa ɓarna, da tsiro ya leƙo suke sheme shi. Tsohon gidan sauro da aka ɗora a kan 'yan sanduna ya raba mu. Ga ƙananan ƙwarin da ke manne wa bayan ganye, jiƙaƙƙen dakakken ganyen darbejiya nake fesawa da yamma.

Maƙwabciyata a buhu take nata, na siminti da na taki. Kusan kyauta ne, kuma ya fi baho zurfi, don haka doya da dankali ma tana sawa, amma rana takan cinye buhun cikin 'yan watanni, ƙasa ta zube a tsakar gida. Kwatarniyar ƙasa ta fi su duka sanyaya saiwa, sai dai shan ruwa da saurin fashewa. Mai gidan kansa wanda yake da fili ya jera bulo ya yi fangali na sosai, ya fi masa. Baho na ɗan haya ne, wanda ranar tashi zai juye ƙasar a buhu, ya jera robobin cikin juna ya ɗora a mota.

Fasassun masu launin 'yan jari-bola sun auna sun saya. A madadinsu baƙi zan ƙaro, mai zurfi ba mai faɗi ba, kuma sai ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke, don in yafa irin salak da albasa su tarar da sanyi.